Shekarar da Na Goyi Tartsatsi

Akwai wata magana da ta girme ku duka, wadda har yau in an taru suna ko biki sai wata ta tono ta a bayan ɗaki ana ƙyaƙyata dariya, wai ni ce matar da ta sauke ɗanta ta goyi kare. Na san kun ji ta, don ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai in an taɓo ta. Ban taɓa musantawa ba, ba kuwa yanzu da ƙafata ɗaya take kabari zan fara ba. Na goye shi. Sai dai masu ba da labarin babu wanda yake wurin, waɗanda suke wurin kuma duk ƙasa ta rufe musu ido. To ku matso ku ji daga bakin mai goyon.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana ta haƙar kuza a duwatsun Riruwai, can ƙasar Doguwa. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya tafi can cin rani daga Bebeji, da ya ga aikin ya karɓe shi sai ya dawo ya ɗauke ni. Bai yarda mu zauna bariki cikin leburori ba. Ya samu fili a gindin dutse, ɗan nesa da gari, ya kafa ɗaki biyu na jinka da rumbu ɗaya, ya kewaye da dangar kara, ya sari gona a bayan gida. Mu biyu rak. Ni da na tashi a gidan da ba ka jin taɓaryarka don yawan taɓare, sai ga ni inda in na yi tari dutse ne yake amsa mini. A nan na haifi 'yar fari, mace, ko zaman goyo ba ta koya ba Allah ya karɓi abarsa. Uwata tana Bebeji, babu wadda zan kifa kai a cinyarta. Mahaifinku ya fita da sassafe, sai la'asar sakaliya ya dawo, ya tarar da ni inda ya bar ni, wani lokaci ko wuta ban hura ba. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Shi zai tattara kara ya hura, ya ɗora ruwa, yana ta yi mini hirar wurin aiki, ni kuwa ina kallon ƙasa.

Ran nan ya shigo hannunsa ɗaya cikin aljihun taguwa, aljihun yana motsi.

"Hanne, miƙo hannu biyu."

"Mene ne?"

"Baƙo muka yi. Karyar wani Bature ce ta haihu, 'ya'yan sun yi yawa, kukunsa ya ce saura rafi za a kai su."

Ya ɗora mini wani abu mai ɗumi, bai fi curin fura ba. Na ɗauka ɓera ne, saura kaɗan in yar.

"Kare?" na ce. "A gidan ɗan malam?"

"Malam da bakinsa ya karantar da mu, kare don gadin gona da dabba babu laifi. Ba dai zai kwana ɗakinmu ba, ba kuma zai sa baki a ƙwaryarmu ba. In ba kya so, gobe in mayar."

Na ce ya mayar. Amma kafin gari ya waye ni ce na jiƙa tsumma a nono ina ɗiga masa a baki.

Ba irin karnukan da kuka sani ba ne, dogayen nan jajaye masu bin mafarauta. Shi ko da ya gama girma bai wuce ɗan akuya ba. Fari ne, da tabo ruwan ƙasa da ya rufe masa ido ɗaya da kunne, gashinsa da kaushi kamar soson wanka, ƙafafu gajeru, ƙirji da faɗi, kunnuwan a karye suna leƙen gaba, wutsiya a miƙe kamar an kafa tsinke. Duk wanda ya gan shi sai ya yi dariya, sai kuma ya buɗe baki mutum ya daina dariyar, don muryarsa ta fi ƙarfin jikinsa nesa ba kusa ba. Mahaifinku ne ya sa masa suna, da ya ga yadda yake tsalle daga nan zuwa can ba a san inda zai dira ba. Ya ce wannan ai tartsatsi ne. Sunan ya bi shi.

Ban daɗe ba na gane haushinsa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na baƙon mutum, mai kauri, yana yi yana ja da baya zuwa ƙofar ɗaki. Akwai na maciji, siriri, a jere ba numfashi. Akwai na birai in sun sauko daga dutse. Akwai kuma wani guntu mai kama da tambaya, wanda ni kaɗai yake yi wa in yana so in fito. Mahaifinku kuwa tun yana bayan dutse, kafin ni in ji ko takunsa, Tartsatsi zai miƙe ya fara juyi a tsakar gida kamar mai neman kama wutsiyarsa, in na ga haka sai in sauke tukunya. Ɓerayen rumbu ya gama da su cikin kaka ɗaya. Gafiya kuwa har rami yake bin ta, ba ka ganin komai sai wutsiya da ƙasa tana tashi.

Amma fa akwai ranar ƙin dillanci. Kare ne da ba ya iya zaman banza. In ba ka ba shi aiki ba, shi zai nemar wa kansa, kuma ba za ka so aikin ba. Ya yaga mini tabarma, ya haƙe ƙarƙashin danga, ya hana kaji sakat har wata ta daina ƙwai. Na ɗaure shi, ya cinye igiyar. Mahaifinku ya taɓa zabga masa tsumagiya sau ɗaya, sai ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi cin abinci har washegari, muka gane duka ba ya gyara shi, murya yake ji. In ka ce masa "bari" da ƙarfi zai bari, in dai ya gaji. To gajiyar ita ce magana. Dole ta sa na fara fita da shi rafi ɗiban ruwa, daga rafi mu wuce itace, yana gaba ina baya, ya ruga ya dawo, ya ruga ya dawo, tafiyar da na yi sau ɗaya shi ya yi ta sau biyar. Ban ankara ba sai na ga ina hura wuta da wuri don in sami lokacin fita, ina gaisawa da matan rafi, har wata rana na ji ina dariya da ƙarfi don ya faɗa ruwa garin kama kwaɗo. Sai na gane abin da ya sa mahaifinku ya ɗauko shi ke nan.

Hidimarsa ba ta da yawa, sai dai tana son kullum. Kaskonsa daban, can gefen danga, ina jiƙa masa ƙanzo da tsala, ranar kasuwa mahaifinku ya roƙo masa ƙashi wurin mahauta. Da damina kaska take damunsa, sai in zauna da yamma in bi gashin nan da yatsa, tsakanin farce da cikin kunne, ina cirewa ina jefawa a wuta, shi kuwa ya baje ciki sama kamar wani basarake. Ƙuma kuma toka mai sanyi nake goga masa. Bakin kunnuwansa ƙudaje suke ci, sai in shafa man kaɗanya. Ƙasar can akwai sanyi, shi kuma ba jiki ba, don haka na shimfiɗa masa tsohon buhu a ƙarƙashin rumbu. In na gama in wanke hannuna tas, in yi alwala, in yi sallata. Bai taɓa tsallake dokin ƙofar ɗakina ba. Ko da Allah ya sake ba ni haihuwa, na sami yayanku Baballe, wanda aka sa wa sunan Malam mahaifin babanku, nan bakin ƙofa yake kwanciya ya ɗora haɓa a kan dokin ƙofar, yaro ya motsa kunnensa ya motsa.

Abin ya faru ne ƙarshen damina, masara ta nuna. Da hantsi na shiga gona karyar masara, na kwance goyo na shimfiɗa zanen a inuwar ɗorawa a bakin gona, na kwantar da Baballe yana barci. Ban yi nisa ba, ina hango shi ta tsakanin kara. Sai na ji haushin birai, amma ba kamar yadda na saba ji ba, wannan har muryar tana tsagewa. Na ɗago kai. Garken manyan biran dutse ne suka sauko, sauran sun faɗa wa masara, amma wani ƙaton gwaggon biri, wanda a zaune ya kai ƙuguna, ya nufi gindin ɗorawa yana tafiya a hankali kamar mai zuwa ɗaukar ajiyarsa. Tsakaninsa da yaron babu kowa sai Tartsatsi. Ku tuna fa girmansa. Bai gudu ba, bai kuma tsaya wuri ɗaya ba. Ya ciji ƙafar baya ya kauce, birin ya juyo, ya zaga ya ciji ɗayar. Ni kuwa ina gudu ina ihu, kara yana yankar mini fuska. Kafin in isa birin ya cafke Tartsatsi da hannu biyu, ya kafa masa haƙori a gefen ciki, ya yi wurgi da shi. Na jefa masa lauje, na samu kafaɗarsa, ya yaƙe mini haƙora, sannan ya juya ya bi 'yan uwansa. Baballe ko ƙwarzane babu. Ihuna ne ma ya tashe shi.

Tartsatsi yana kwance, fatar ta tsage tun daga haƙarƙari har cinya. Na yi ƙoƙarin ɗaukarsa a hannu, raunin ya buɗe, ya yi wata ƙara. In kuma na sa hannu biyu a kansa, da me zan riƙe yaro? Zanen goyo ɗaya gare ni. Sai na haɗe bakin raunin, na ɗora shi a bayana ta gefen da ya tsage, na ja zanen na tamke yadda zai danne, na rungumi Baballe a ƙirji, na kama hanyar gidan Baba Gajere, wani tsohon maharbi da yake ɗinke karnukan farauta. Hanyar kuwa babu wata sai ta bakin rafin da ake wankin kuza, inda maza da mata suke cike. Suka ajiye ƙorai suka miƙe. Wata ta tafa hannu.

"La'ilaha! Baiwar Allah, wanne ne ɗan naki, na gaba ko na baya?"

Aka tuntsire da dariya. Jini yana bin gadon bayana, ina jin zuciyarsa tana bugawa a jikina da sauri kamar ta tsuntsu. Na wuce abina.

Baba Gajere yana gyaran kwari da baka a ƙofar gida. Shi bai yi dariya ba.

"Sauke shi a hankali, 'yata. Wa ya ce ki ɗaure shi haka?"

"Ba kowa, Baba. Hannu ne ya ƙare mini."

"To da a hannu kika kawo shi, da rabinsa yana hanya."

Ya wanke, ya ɗinke da allurar dukanci, ya barbaɗa garin bagaruwa. Da mahaifinku ya dawo na ba shi labari, sai ya karɓi Baballe ya tuɓe shi, ya duba shi tun daga kai har tafin ƙafa, ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya fita ya kama zakaranmu ɗaya tilo ya yanka. Naman ya aika wa Baba Gajere, romon ya ce in zuba a kasko. Tartsatsi ya warke, sai dai ɗan ɗingishi da ya rage masa, wanda bai hana shi komai ba.

Bayan an shigar da amfanin gona sai ga saƙo daga Bebeji: idon Malam ya yi rauni, yana son ɗansa ya dawo ya riƙe gandu. Mahaifinku ma a lokacin ya fara wani tari da ba ya jin magani. Muka ɗaure kaya. Jakuna suka kai mu Tudun Wada, daga nan muka sami motar gyaɗa zuwa Kwanar Dangora, Tartsatsi yana cikin kwando a kan cinyata yana yi wa kowace bishiya haushi. Ashe labarin ya riga mu isa gida, 'yan cin rani sun kai shi. Ina durƙushe ina gaida Inna, uwar mahaifinku, matan gida sun kewaye ni, sai ta ce:

"Sannu da hanya. Ina babban goyon naki, ko kin yaye shi?"

Gidan Malam gidan karatu ne. Alluna a jingine ko'ina, butoci a ƙasa, buzun salla a shimfiɗe, masu ɗaukar karatu suna shiga suna fita tun safe. Matan gidan kuma ba sa fita, ni ma daga ranar na shiga lissafinsu. Aka kai Tartsatsi bukkar gona a bayan gari aka ɗaure. Ya cinye igiyar ya dawo. Aka sake da ta rama mai kauri, ya sake dawowa. In ya zo sai ya kafa kansa a bakin zaure, tunda a ganinsa gadi aka kawo shi, duk wanda ya yi sallama ya tare shi da haushi, har manyan malamai masu rawani. Ya sha ruwa a butar wani baƙo. Yara suka fara jifansa, ran nan ya zo ido ɗaya a kumbure. Babu rafi, babu itace, babu mai cire masa kaska sai in na saci jiki ta ƙofar baya. Ya rame, gashin ya fara zuba.

Malam ya sa aka kira mu. Na durƙusa daga nesa, na juya fuska gefe, mayafi ya rufe ni.

"'Yar nan," ya ce, "an gaya mini abin da dabbar nan ta yi wa takwarana. Ban raina ba, Allah ma bai raina ba. Ba zan ce a kashe shi ba, ba zan ce a kore shi ba. Amma kin ga gidan da idonki, ni da ba na gani ma na san ba ya jin daɗinmu, mu ma ba ma jin nasa. Na bar muku shawara."

Da muka koma ɗaki mahaifinku ya zauna bakin gado ya ce:

"Hanne, ni na san ba karen kaɗai ba ne. Tun da muka zo ban ji dariyarki ba. Gidanmu na can yana nan, jinkar ma sabuwa ce. In kin ce mu koma, sai in roƙi Malam ya ba ƙanena gandun."

Wallahi 'ya'yana, babu abin da na taɓa so a duniya kamar in ce to. Na ga hanyar rafi, na ga hayaƙinmu mu kaɗai yana tashi a gindin dutse. Amma na san mutumin da nake aure. Zai koma don ni, kuma ba zai sake barci mai daɗi ba, yana tuna ya bar uba makaho ya bi mace da kare. Ga tarin nan kuma, da ya fi son a ce yana kusa da danginsa. Na ce masa mun zo ke nan.

Akwai wata Bafillatana, Adda Dije, da take kawo mana nono daga rugarsu wajen Ba'awa. Ita kaɗai ce Tartsatsi ya daina yi wa haushi, don takan ɗiga masa tsala a kan dutse. Ta sha cewa karnukansu manya ne amma barcin rana ya yi musu yawa, wannan kuwa idonsa biyu. Da suka tashi yin kudu da shanu, na kira ta ƙofar baya. Na ba ta buhunsa da kaskonsa, na ce kada a doke shi, murya yake ji. Na ce a riƙa duba cikin kunnensa, a shafa masa mai, in sanyi ya yi a sa shi kusa da maruƙa, kada kuma a ɗaure shi ya wuce kwanakin sabo.

"Kai, Hanne," ta ce, "ko 'ya ake kaiwa ɗakin miji ai wasiyyar ba ta kai haka ba."

Ta ga fuskata, sai ta daina dariya. Ta karɓi igiyar. Shi kuwa murna yake, yana tsalle har ƙirjinta, ya ɗauka rafi za mu. Ya ja ta suka yi gaba. Sai da suka kai kwanar lungu ya lura ba na biye, ya tsaya, ya waiwayo, ya yi guntun haushin nan nawa. Na rufe ƙofa. Na je na zuba dawa a turmi, alhali ba ranar girkina ba ce, na yi ta daka da ƙarfi har Inna ta leƙo ta ce ko turmin ya yi mini laifi.

Damina biyu ta wuce su Adda Dije ba su dawo ƙasarmu ba. A ta uku ina tsakar gida na ji muryarta tana tallan nono. Lokacin mahaifinku ya riga ya kwanta, tarin ya ci ƙarfinsa. Ko gaisuwa ban bari mun gama ba.

"Yana nan," ta ce, "ya yi ƙiba, shi ne sarkin maruƙa. Ko kaza ce ta gifta sai ruga ta sani. Abu ɗaya ne ya gagare mu. Duk shekara in mun bi ta gindin duwatsun Riruwai sai ya ɓace. Karon farko mun ɗauka kura ce, sai yarana suka bi sawunsa, suka same shi a wani kangon gida, kwance a bakin ƙofa. Yakan wuni can, in garke ya yi gaba kuma ya biyo mu."

Na tambaye ta ko ɗakunan suna tsaye. Ta ce ɗaya ya faɗi, ɗaya yana nan, ciyawa ta kai ƙugu.

Na shiga na gaya wa mahaifinku duk yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba. Ya rufe ido yana murmushi, ya ce in sake faɗa masa wajen bakin ƙofar. Na sake. Sai ya ce:

"In na ji sauƙi, bayan kaka, sai mu je mu gyara jinkar."

Na ce Allah ya kai mu. Kafin a yanke dawa aka kai shi makwancinsa. Ni kuwa har yau ban sake taka ƙasar Riruwai ba.